LAMBAR DA TA GAGARI RABO

'Yan'uwa ɗalibai, da ku malamanmu, muna roƙo ku ara mana hankalinku kaɗan, mu ba ku labarin wata lamba guda ɗaya, da asalinta, da danginta, da yadda aka yi har aka san halinta. Lambar kuwa ita ce 2,147,483,647. Amma kafin mu kai gare ta, wajibi ne mu faɗi abin da ya sa muka shiga nemanta, ko da ya ke abin kunya ne a gare mu.

Bara da kaka aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye kusa da Malumfashi. Ran nan muna koya wa 'yan aji biyar rabawa, sai muka gaya musu akwai waɗansu lambobi da ba su rabuwa daidai ko an yi yaya. Muka rubuta musu misali a allo, 7, 11, 13, 31, sa'an nan muka ƙara da 91. Mun dube ta, mun ga mara ce, 3 ba ta shiga cikinta, 5 ma ba ta shiga, sai muka ce lalle ita ma cikinsu ta ke. Ba mu rufe baki ba sai wani yaro daga can baya, ɗan wani mai awon hatsi, ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kwana 91 kasuwa 13 ke nan. Baba ya ci bashin taki na kwana 91, ni ya sa in riƙa ƙidaya masa kasuwa." Kasuwar garin kuwa mako-mako ta ke ci. Muka lissafa 7 sau 13, sai ga 91 cif. Aji ya yi tsit, mu kuwa gumi ya karyo mana.

Tun daga ran nan muka ɗaura niyya sai mun san al'amarin nan har gindinsa. Abin da muka samo kuwa ya sanyaya mana zuciya kaɗan, gama mun tarar manyan masana ma irin tuntuɓen da muka yi shi suka yi. Gaba ɗayan labarin abu guda ya ke koyarwa, watau ba a sanin halin lamba da duban fuska, sai da hujja.

Wace ce gagara-rabo?

Ko wace lamba da ta wuce 1, ɗayan biyu ce, ko tana kasuwa kashi-kashi daidai wa daida, ko ba ta kasuwa. Ku ɗauki damin dawa 12. Mutum 2 sa raba, ko wa ya sami 6. Mutum 3 ma sa raba, haka mutum 4, haka mutum 6. Amma in dami 13 ne, ko mutanen nawa ne sai an kwance dami, sai fa in mutum ɗaya ne zai kwashe duka, ko kuwa su 13 ne ko wa ya ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba Larabawa ke kira adadi awwal, watau lamba ta fari, sunan da Turawa ke kiranta da shi ma ma'anarsa ke nan. Mu dai a ɗakin karatunmu mun laƙaba mata suna gagara-rabo, da shi kuwa za mu kira ta a nan.

Dalilin da ya sa aka ce da ita ta fari shi ne, da irinta a ke gina sauran lambobi duka, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Ga 12, ita ce 2 sau 2 sau 3. Ga 91, ita ce 7 sau 13. Ko wace lamba hanya ɗaya tak ta ke warwaruwa haka, ba ta da ta biyu. Don kiyaye wannan ƙa'ida ne ba a lissafa 1 cikinsu, gama ko sau nawa aka riɓa lamba da 1 ba ta sākewa.

Hanyar tsamo su tsohuwa ce ƙwarai. Wani Bayunane mai suna Eratostin, wanda ya riƙe babban ɗakin littattafai na Iskandariya ta Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi a ke jingina wa ita. Larabawa suna kiranta girbal, watau rariya. Ku rubuta lambobi daga 2 zuwa 100. Ku bar 2, ku soke duk wadda 2 ke shiga cikinta. Ku bar 3, ku soke 'ya'yanta. Ku yi haka da 5, kana da 7. Shi ke nan, kun gama tankaɗe. Abin da ya rage bisa rariya guda 25 ne, daga 2 har 97. A zagayen 7 ne 91 ke faɗuwa, zagayen da muka yi ƙyuyar yi ran nan.

Wani zai ce, don me aka tsaya ga 7? Domin in lamba ta rabu, ta zama wannan sau wancan, to, ƙaramin cikinsu in aka riɓa shi da kansa ba zai wuce lambar ba. Ga shi kuwa 11 sau 11 ta zama 121, ta wuce 100. Wannan gajerar hanya tana cikin abin da Ibn al-Banna na Marakish, wanda ya rasu a 1321, ya bayyana a littafinsa na hisabi. Ku riƙe ta, za ta yi mana rana a gaba.

Abin da malamanmu na zaure suka riga suka sani

Kada wani ya zaci wannan ilimi baƙo ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malami ana rabon gado, a Funtuwa ko Bakori ko Kafur, ya ji shi yana ambaton kalmomi huɗu waɗanda ke cikin babin gado a ƙarshen Muhtasar. In lambobi biyu daidai su ke, kamar 6 da 6, ya ce tamasul. In ɗaya tana shiga cikin ɗaya, kamar 3 da 6, ya ce tadahul. In ba haka ba, amma akwai wata ta uku da ke shiga cikinsu duka, kamar 4 da 6 da suka haɗu a kan 2, ya ce tawafuƙ. In kuwa ba abin da ya gama su, kamar 5 da 7, ya ce tabayun.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar uwa da uba da 'ya'ya maza 6. Asalin rabo 6 ne, uwa 1, uba 1, saura 4 ga kai 6. Malam ya ga 4 da 6 sun yi tawafuƙ da rabi, sai ya ɗauki rabin kawunan, watau 3, ya buga cikin 6, ya zama 18. Uwa 3, uba 3, ko wane ɗa 2. Amma ga wani ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya maza 2 da ɗiya 1. Asali 8 ne, mace ta ɗauki tumuni, saura 7 ga kai 5. Nan ba tawafuƙ, sai a buga 5 ɗungum cikin 8, ya zama 40. Mace 5, ko wane namiji 14, ɗiya 7.

To, ku lura. Saura 7 ɗin nan, ko kawuna nawa aka kawo mata, in dai ba 7 ba ne ko 14 ko 21 da makamantansu, tabayun za ta yi da su. Ba ta da rabi, ba ta da sulusi, ba ta da rubu'i da za ta haɗu da wani a kansa. Halin gagara-rabo ke nan sak, watau lambar da ke tabayun da duk wadda ke ƙasa da ita. Malamin gado yana aiki da ita kullum, ko da bai keɓe mata babi ba.

Ƙasar Katsina kuwa ta taɓa fid da gwanin hisabi wanda sunansa ya kai Gabas, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda a ke tsara hatimi wanda adadin gidajen gefensa mara ne, irin mai gida 9 da ko wane jeri ke ba da 15, da mai gida 25 da ko wane jeri ke ba da 65. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka in mun shiga bincike kan halayen lambobi, gonar gado mu ke nomawa.

Inda lambar tamu ta fito

Yanzu sai mu koma ga babbar lambarmu. Ku tuna da dara da a ke haƙa a gindin itace da rani, bayan an kai amfanin gona gida, mai gurbi 30, jeri 5, ko wane jeri gurbi 6. Mu ƙaddara mun sa ƙwayar dawa 1 a gurbi na fari, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, muna ta ninkawa haka. Larabawa ma suna da irin wannan lissafi a kan gidajen catranj 64, Ibn Hallikan ya kawo labarinsa. In muka tara abin da ke cikin gurbi 2 na fari, 3 ne. Gurbi 3 su ba da 7, gurbi 4 su ba da 15, gurbi 5 su ba da 31, gurbi 6 su ba da 63, gurbi 7 su ba da 127. Kullum jimlar ita ce abin da zai shiga gurbi na gaba, ba ɗaya.

In aka cika gurbi 30 duka, jimla ta zama 1,073,741,823. Wannan lamba kuwa ba ta da gardama, kuma darar da kanta ta nuna dalili. Jeri na fari ya tara 63. Ko wane gurbi na jeri na biyu ya ninka wanda ke bisansa sau 64, don haka jerin ya tara 63 sau 64. Haka sauran jeri, ko wanne 63 ne sau wani abu. Ashe 63 tana shiga cikin jimlar duka. In muka kasa gurabun biyar-biyar kuma, sai mu ga 31 ma tana shiga. In an warware ta sarai, ita ce 3 sau 3 sau 7 sau 11 sau 31 sau 151 sau 331.

To, sai mu haƙa gurbi ɗaya a gefe, ya zama na 31, mu zuba masa nasa rabo, watau 1,073,741,824. Jimla ta koma 2,147,483,647. Gurbi ɗaya rak aka ƙara, amma lambar ta sāke hali, ta zama ba mai iya raba ta, ko mutum 2 ne, ko dubu, ko miliyan.

Don ku ji girmanta, mu ƙaddara ƙwayar dawa 1,000 ta yi nauyin giram 30. Tsabar nan za ta cika buhu mai kilo 100 fiye da 640, abin da ba ƙaramin ɗan kasuwa ke saye a Dandume ba. In kuma mutum ya zauna zai ƙidaya ta, ƙwaya ɗaya ko wace daƙiƙa ta bugun agogo, ba barci ba cin abinci, sai ya shekara 68 bai tashi ba.

Kama da wane ba ta wane

Daga abin da muka gani a dara, ƙa'ida ɗaya ta fito. In adadin gurabu yana kasuwa jeri-jeri daidai, jimlar ma tana rabuwa. Saboda haka jimla ba ta zama gagara-rabo sai adadin gurabun shi kansa gagara-rabo ne. Gurbi 2, 3, 5, 7 sun ba da 3, 7, 31, 127, dukansu kuwa gagara-rabo ne. Nan ne zuciya ke saurin cewa, ashe kullum haka ne. Mutanen dā da yawa sun zaci haka. Amma gurbi 11 suna ba da 2,047, ita kuwa 23 ce sau 89. Gurbi 23 suna ba da 8,388,607, ita ma 47 tana shiga cikinta. Gurbi 29 ma 233 ta raba jimlarsu. Ƙa'idar ta hana waɗansu shiga, amma ba ta lamunce wa waɗanda suka rage ba.

A 1588 wani mutumin Italiya, Kataldi, ya tabbatar jimlar gurbi 17 da ta gurbi 19, watau 131,071 da 524,287, ba su rabuwa. Bayansa sai wani malamin Kirista na Faransa, Marsen, wanda Turawa ke rubuta sunansa Mersenne, ya buga jeri a 1644, ya ce daga gurbi 2 har 257 waɗanda ke ba da gagara-rabo su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Har yau da sunansa a ke kiran wannan dangi na lambobi. Amma bai kawo hujja ba, kuma kurakurai biyar ke cikin jerin. Ya sa 67 da 257, alhali suna rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107, alhali su ne na gaske. A 1903, a wani taron masana a birnin Niyok, wani malami mai suna Kol ya tashi ya nuna a allo cewa jimlar gurbi 67 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ashe Marsen ma ya rubuta tasa 91 a allo, sai dai yaron da zai ɗaga masa hannu ya yi shekara 259 bai zo ba.

Game da gurbi 31 ya faɗi daidai, amma dacewa ba sani ba ce. Wanda ya kawo hujja shi ne Oila, wanda a ke rubuta sunansa Euler, haifaffen Basal ta ƙasar Suwizalan, mazaunin birnin Fitasbag na Rasha. A 1772 ya sanar da abin cikin wata wasiƙa, yana da shekara 65, idanunsa kuwa sun riga sun tafi. Ga yadda ya bi.

Da fari ya yi aiki da gajerar hanyar nan da muka ce ku riƙe. Tun da 46,341 sau 46,341 ta wuce lambar tamu, ba bukatar a gwada mai rabawa da ta kai haka. Amma gagara-rabo da ke ƙasa da 46,341 guda 4,792 ne, aikin da sauran yawa. Sai ya ɗauko wata ƙa'ida ta Farma, masanin Faransa, ta 1640, wadda ta ce duk lambar da za ta raba jimlar irin gurabun nan, in aka ɗebe mata 1, ninkin adadin gurabun zai shiga cikinta. Ku gwada da gurbi 11. Masu rabawa su ne 23 da 89, in an ɗebe 1 su zama 22 da 88, ga shi 22 ta shiga cikinsu duka. To, a gurbi 31 sai mai rabawa ta zama 62 sau wani abu, da ɗori 1. Oila ya ƙara da wata ƙa'ida, cewa in aka raba mai rabawar da 8, saura 1 ne ko 7. Da ya gama ƙa'idodin biyu, sai ya zama waɗanda suka cancanci gwaji su ne masu barin saura 1 ko 63 in an raba su da 248. Ba su kai 400 ba. Aka bi su, ba wadda ta shiga. Sa'an nan ne fa aka san lambar gagara-rabo ce, sani na haƙiƙa wanda ba mai tāyar da shi har abada.

Danginta da halayenta

Kamar yadda a ke tambayar baƙo garinsu da zuriyarsu, haka masana ke yi wa lamba. Ga abin da aka sani game da tamu.

Na farko, 'yar gidan Marsen ce, ita ce ta takwas cikinsu, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Na biyu, 'yar gida ce ta wajen uwa da uba. Adadin gurabunta, 31, shi kansa jimlar gurbi 5 ne. Irin waɗannan masu asali biyu guda huɗu aka sani, su ne 7, da 127, da tamu, da jimlar gurbi 127.

Na uku, uwar cikakkiyar lamba ce. Cikakkiyar lamba ita ce wadda in aka tara duk masu shiga cikinta, ban da ita kanta, sai su ba da ita daidai. Ga 6, ita ce 1 da 2 da 3. Ga 28, ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Iƙilidis, wanda ya yi zamani a Iskandariya wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, wanda kuma aka juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, ya nuna in jimlar gurabu gagara-rabo ce, aka riɓa ta da abin da ke gurbin ƙarshe, sai cikakkiya ta fito. Duba 7 sau 4, ga 28. Duba 31 sau 16, ga 496. Tamu kuwa sau 1,073,741,824 ta haifi 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas.

Na huɗu, tilo ce. Waɗansu gagara-rabo tagwaye ne, 2 ce kaɗai tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 29 da 31. Tamu in an ƙara mata 2, sai 3 ta raba abin da ya fito, in an rage mata 2, ta ƙare da 5, sai 5 ta raba.

Na biyar, in aka raba ta da 4, saura 3. Wannan ma aji ne. Gagara-rabo masu barin saura 1, kamar 13 da 29, ana iya kasa su murabba'i biyu, watau lamba sau kanta da wata sau kanta. Ga 13, ita ce 4 da 9. Ga 29, ita ce 4 da 25. Masu barin 3 kuwa ba su yarda ba. Dalilin ba wuya. Murabba'in cika ba ya barin kome in an raba shi da 4, murabba'in mara kuwa 1 ya ke bari, to, biyu daga cikinsu ba su taɓa tara 3.

Gaba da gabanta

Hanyar Oila tana da iyaka, gama in lamba ta ƙara girma, masu neman gwaji sai su fi ƙarfin rayuwar mutum. A 1876 wani Bafaranse, Luka, ya fito da wata dabara, wadda Lema na Amurka ya gyara a 1930. A fara da 4. A riɓa ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da a ke tuhuma, a riƙe saura. A yi wa sauran haka kuma. Yawan zagayen shi ne adadin gurabu ba biyu. In saura na ƙarshe sifiri ne, lambar gagara-rabo ce, in ba sifiri ba ne, tana rabuwa. Mu gwada da 31, mai gurbi 5, zagaye 3. Daga 4 mu sami 14. Daga 14 mu sami 194, saura 8. Daga 8 mu sami 62, ba saura. Ta tsira. Amma 2,047 bayan zagaye 9 sai ta ƙare da 1,736, asirinta ya tonu. Tamu zagaye 29 kaɗai ta ke bukata.

Da irin wannan dabara Luka ya tabbatar da jimlar gurbi 127 da hannunsa, lamba mai alƙaluma 39, wadda ba a san wadda ta fi ta ba sai 1951. Daga 1952 kwamfuta ta karɓi aikin dangin Marsen. A watan Oktoba na 2024 aka sami jimlar gurbi 136,279,841, mai alƙaluma 41,024,320, ita ce ta 52 da aka gano a dangin.

Ko akwai ranar da za a kai ta ƙarshe? Game da gagara-rabo gaba ɗaya, Iƙilidis ya riga ya yanke magana, babu. In wani ya ce ga su nan duka ya tattara, sai mu riɓa su da juna, mu ƙara 1. Abin da ya fito, ko wacce cikin nasa aka raba shi da ita, saura 1. Saboda haka ko dai shi kansa sabuwar gagara-rabo ne, kamar 2 sau 3 sau 5 da ɗori 1, watau 31, ko kuwa wata da ba ta cikin jerinsa ce ke raba shi, kamar 30,031 da ta fito daga shida na fari, wadda ita ce 59 sau 509. Amma ko dangin Marsen su ma ba su da ƙarshe, ko tagwaye ba su da ƙarshe, wannan tambaya ce da masana ba su warware ba tukuna.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan ga manomin auduga? Akwai. Riɓa manyan gagara-rabo biyu da juna abu ne mai sauƙi, amma a ba mutum abin da ya fito a ce ya nemo iyayen, wannan jan aiki ne, kun dai ga yadda aka daɗe kafin Kol. A kan wannan wuya aka gina wani irin kulle na asirin saƙo a 1977, wanda ya zama ɗaya daga cikin masu tsaron kuɗin da a ke aikawa ta intanet. Lambar tamu kuma tana zaune cikin injuna da yawa. Kwamfuta tana ajiye lamba cikin gurabu irin na dararmu, ko wanne ko cike ko wofi. Inda aka ba lamba gurbi 32, ɗaya na nuna riba ce ko bashi, saura 31, iyakar abin da za su ɗauka kuwa shi ne 2,147,483,647. Injunan da ke ƙidayar lokaci haka tun daga 1 ga Janairu 1970, mudunsu zai cika ran 19 ga Janairu 2038, shekara 68 ɗin nan da muka ambata, shi ya sa a ke ta sāke musu babban mudu.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, wani Ɗanja, wani Faskari, wani Maska. Yaran da za a ba mu, 'ya'yan masu awo ne da masu rabon gado da masu dara, sun zo da lissafi a kansu tun daga gida. In muka faɗa musu abu don kawai ya yi kama da gaskiya, ko su kama mu, girmanmu ya zube, ko su gaskata mu, wannan kuwa ya fi muni, gama da kuskurenmu za su yi ta awo har tsufa. Gara malami ya ce, "Ku zo mu gwada," ya ɗauki alli a bi rariya zagaye-zagaye. In yaro ya ɗaga hannu ya gyara mana, mu gode masa a gaban aji. Mu dai sai da muka kwana muka yi wa namu godiya, da ma a take muka yi.

Ga ɗan aiki mun bar muku kafin fitowa ta gaba. Cikin 211 da 221 da 323, wacce ce gagara-rabo, kuma a wace lamba ya kamata mai gwaji ya tsaya? Sa'an nan ku bi 127 da dabarar Luka, zagaye 5, ku ga ko za ta ƙare da sifiri. Wanda ya samu ya kai wa edita, amma fa tare da hujjarsa. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.